Ƙungurmin Daji Ne ko Kufai?

Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiyar ƙafa a daji tare da tsohon maharbi ya san irin wannan tsayuwar. Kuna cikin ratsa sunƙuru, ba gida gaba ba gida baya, sai ya ja ya tsaya ya ce, "Nan da gari ne." Kai ba ka ga komai ba sai ciyawa da gara. Shi kuwa ya ga inda ƙasa ta ɗan yi tozo saboda ginin da ya zube, ya ga itatuwa masu 'ya'ya sun taru wuri guda yadda ba sa taruwa don kansu, ya sa ƙafa ya tono tsingaro. Hausa ta raba abubuwan nan biyu da suna: akwai daji, akwai kufai. Ido ba ya bambanta su, sai wanda ya san labarin wurin.

Yanzu a tuna hotunan manyan gandun dajin duniya, waɗanda ake nunawa a talabijin da kalanda: tsauni, tafki, garken namun daji, rana na faɗuwa. Abu guda ne ba a taɓa gani a ciki, wato mutum da kayan aikinsa. Da yawa daga cikin wuraren nan da ake tallatawa a matsayin ƙungurmin dajin da hannun ɗan Adam bai taɓa ba, kufai ne, kuma ba tsohon kufai ba. Akwai waɗanda aka tasa daga cikinsu da har yau suna raye. Tambayar da ta cancanci a zauna a kanta ita ce: idan aka fitar da mutanen da suka rayu a daji suka yi aiki a cikinsa, me dajin ke samu, me kuma yake rasawa? Amsar ba ta yi wa kowane ɓangare daɗi gaba ɗaya ba.

Daga Amurka tsarin ya faro. Ranar 1 ga Maris 1872 shugaba Ulysses Grant ya sa hannu a dokar da ta kafa Yellowstone, gandun daji na ƙasa na farko a duniya, fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 9,000. Masu tonon kayan tarihi sun nuna cewa mutane sun shafe sama da shekara 11,000 suna kai-komo a wurin. Akwai wani dutse a ciki, baƙi mai ƙyalli kamar gilashi, wanda ake fasawa a yi kan kibiya da wuƙa, an kuma tsinci kayan da aka yi da shi a tsofaffin kaburbura can jihar Ohio, tafiyar sama da kilomita 2,000. Ashe wurin ma'adini ne da fatauci tun kafin a san Turawa. Wani reshe na ƙabilar Shoshone da ake kira Tukudika, masu farautar tumakin dutse, a nan suke zaune rani da damina, amma kafin gandun ya cika shekara 10 an kwashe su zuwa matsugunan da gwamnati ta keɓe wa 'yan asalin ƙasa. Daga nan sai aka baza labarin cewa ai dama 'yan asalin tsoron wurin suke, saboda maɓuɓɓugan ruwan zafi masu feshi sama. Labarin ya yi wa masu yawon buɗe ido daɗi, ya kuma daɗe ana maimaita shi. Daga 1886 zuwa 1918 sojoji ne ma suka riƙe gadin gandun.

Kwarin Yosemite da ke Kaliforniya ya fi nuna abin ƙarara. A 1851 wata rundunar 'yan sa-kai ta shiga kwarin ta ƙone rumbuna da bukkokin mutanen Ahwahneechee ta kora su. Baƙin da suka biyo baya suka tarar da shimfiɗaɗɗun filaye masu ciyawa da manyan itatuwa jefi-jefi, ana hango duwatsu daga ko'ina, suka ce wannan lambu ne da Allah Ya shirya da Kansa. Ba su san cewa masu wurin ne ke cinna masa wuta a kan kari ba, don kada sarƙaƙiya ta rufe shi, don itatuwan da suke cin 'ya'yansu su samu sarari. Da aka hana wutar, cikin 'yan shekaru ƙananan itatuwa suka mamaye filayen. An kori mai lambu, an zauna ana mamakin yadda lambu ya lalace. Wasu iyalan sun dawo suna aikin wanki da dako a otal-otal na kwarin, har zuwa 1969 da aka rushe ragowar gidajensu. Shekara 5 kafin nan, a 1964, majalisar Amurka ta yi dokar da ta fassara ƙungurmin daji da cewa wuri ne da ɗan Adam baƙo ne a cikinsa, ya zo ya wuce, ba ya zama. Wannan fassarar, ko an faɗe ta ko ba a faɗa ba, ita ce aka ɗauka aka yi ta kafa gandaye da ita a nahiyoyi da dama.

Batun wuta ya isa a tsaya a kansa, don a nan ne aka fi ganin abin da ake nufi idan an ce zaman daji aiki ne. A watan Agustan 1910 wata gobara ta cinye kimanin hekta miliyan 1.2 a jihohin Idaho da Montana cikin kwana biyu, ta kashe mutum sama da 80, akasarinsu masu kashe gobara. Hukumar dazuzzukan Amurka, wadda a lokacin shekararta 5 kacal da kafuwa, ta ɗauki darasi guda daga wannan masifa: wuta abokiyar gaba ce. A 1935 ta kafa ƙa'idar cewa duk gobarar da aka gani sai an kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Aka gina hasumiyoyi a kan tsaunuka, aka zuba ma'aikata su kwashe watanni su kaɗai suna duban hayaƙi. An yi nasara, kuma nasarar ce ta zama matsala. Dajin da a da ƙaramar wuta ke bi ta share shi duk bayan 'yan shekaru, sai ya tara busassun ganye da ƙirare da matattun itatuwa na shekara da shekaru. Ƙaramar wuta ƙasa take bi, ta lashe yayi ta bar manyan itatuwa a tsaye. Wutar da ta samu tarin makamashi kuwa hawa take yi har ƙololuwa, ba ta barin komai. Ƙaruwar zafi da fari sun zo sun tarar da wannan tarin. Yau hukumomin da suka taɓa ɗaure mutane kan ƙunar daji suna neman dattawan ƙabilun Karuk da Yurok na Kaliforniya su nuna musu lokacin da ake cinnawa da yadda ake karanta iska.

A arewacin Ostireliya an ga irin wannan, sai dai can gyaran ya yi nisa. Da 'yan asalin yankin Arnhem suka bar tsaunukansu suka koma ƙauyukan mishan da na gwamnati a tsakiyar ƙarni na 20, sai ƙananan wutar da suke cinnawa a farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, ta tsaya. Gobarar ƙarshen rani ta maye gurbinta, tana cin dubban kilomitoci ba mai tare ta. A 2006 aka ƙulla yarjejeniya kan fili mai murabba'in kilomita 28,000 a yammacin Arnhem: 'yan asalin su koma ƙuna da wuri, a biya su saboda hayaƙin da suka rage wa sararin samaniya. Yanzu jikoki ne ke aikin da jirgi mai saukar ungulu da hotunan tauraron ɗan Adam, amma inda za a fara da inda za a tsallake, daga bakin tsofaffin da suka taka wurin da ƙafa aka ji shi. Da an ƙara shekara 20 ba a tambaye su ba, da sai dai ihu bayan hari.

Labarin Serengeti a Tanzaniya ya fi duka ɗaure kai, shi ne kuma ya fi koyar da hattara. A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar Massawa da ke gaɓar Bahar Maliya, tare da su ciwon bushiya ya shigo. Cikin shekara 10 cutar ta ratsa nahiyar daga Habasha har Afirka ta Yamma da Afirka ta Kudu, a wurare da yawa ta kashe shanu 9 cikin 10, ta haɗa da ɓauna da raƙumin dawa da sauran masu kofato. Makiyayan Masai suka wayi gari ba garke, yunwa ta shigo, agana ta biyo baya. Sunan da suka ba wannan zamani shi ne Emutai, wato ƙarewa. Wani matafiyi ɗan Ostiriya, Oscar Baumann, da ya ratsa yankin a 1892, ya rubuta yadda ya ga mutane sun zama ƙashi da fata. To, inda shanu suka daina kiwo, makiyaya suka daina ƙuna, ƙaya da sarƙaƙiya ne suka tsiro, ƙudan tsando ya samu inuwa ya bazu, ya kawo sammore ga dabbobi da ciwon barci ga mutane, ya hana waɗanda suka tsira komawa. Turawan da suka iso bayan haka sun tarar da ƙasa shiru, suka ɗauka haka take tun fil azal. Makabarta suka gani suka kira ta aljanna.

A 1951 aka mai da Serengeti gandun ƙasa. A 1958 aka sa dattawan Masai hannu a takardar barin wurin, bisa alkawarin za su zauna a yankin Ngorongoro da ke maƙwabtaka da gandun, su da dabbobinsu, aka kuma raba iyakar a 1959. Alkawarin ya yi ta zaizayewa: a 1975 aka hana noma a Ngorongoro, daga 2022 kuma gwamnati ta shiga kwashe iyalai zuwa Msomera, ɗaruruwan kilomitoci daga can. Amma ga abin da ya fi ba ni mamaki a labarin. Garken nan na dabbar da Swahili ke kira nyumbu, dangin kanki, wanda ƙaurarsa ta shekara-shekara ita ce abin da duniya ke zuwa kallo, a farkon shekarun 1960 bai wuce 250,000 ba. Abin da ya ninka shi ya haura miliyan 1 kafin ƙarshen shekarun 1970 shi ne allurar rigakafin bushiya da aka yi wa shanun makiyaya a kewayen gandun. Da cutar ta mutu a jikin shanu, sai ta ɓace a jikin namun daji. Nyumbu suka yi yawa suka cinye ciyawa, gobara ta ragu, itatuwa suka sake tsirowa. Allurar da malamin dabbobi ya soka wa saniya a wajen shinge ita ta sauya kamannin dajin da ke cikin shinge. A irin wannan wuri, ina za a ja layi a ce daga nan aikin mutum ya ƙare, daga nan halitta ta fara?

Irin wannan tashi ya faru a wurare da yawa, ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba. A 1969 gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta kwashe al'ummar Makuleke daga arewacin gandun Kruger. A 1991 Yuganda ta fitar da Batwa daga kurmin Bwindi da Mgahinga, kuma da yake su mafarauta ne da masu ɗiban zuma, ba su da gonar da za a auna a biya diyya, yawancinsu suka fita hannu rabbana, sai a 2021 kotun tsarin mulkin ƙasar ta amince an zalunce su. Ba kuma baƙar fata ko 'yan asali kaɗai abin ya shafa ba: a shekarun 1930 an tashi ɗaruruwan iyalan talakawan Turawa daga tsaunukan jihar Virginia don kafa gandun Shenandoah, masu yawo a can har yau suna cin karo da makabartunsu da tubalin murhunsu. Abin da takardar diyya ba ta iya aunawa shi ne wanda ya fi zafi. Manomi idan an ba shi wata gonar, ya tafi da sana'arsa. Wanda iliminsa duka na kurmi guda ne, wane kogo ke da zuma a wane wata, wane saiwa ke maganin me, ranar da aka rufe masa kurmin an mai da shi jahili da tsufansa, 'ya'yansa kuma ba su da abin gada a wurinsa.

Sai dai adalci ya sa a juya ɗaya gefen, don masu kare gandun daji ba mahaukata ba ne. Ɓaunar Amurka da a da ake ƙirga ta da miliyoyi gommai, kafin 1890 ta dawo kimanin 1,000, kuma a 1902 waɗanda suka rage suna yawo a sake cikin Yellowstone ba su kai 30 ba. Ba don shingen doka da bindigar soja ba, da labari ya ƙare. Yau dubbai ne a gandun. Birin gorila na tsauni, wanda saboda shi aka rufe wa Batwa kurmi, ya haura 1,000 a ƙidayar 2018, bayan an taɓa fid da rai da shi. A yankin Chernobyl, kan iyakar Yukiren da Belarus, inda hatsarin nukiliya na 1986 ya sa aka kwashe mutum kimanin 116,000, kyarkeci da barewa da aladen daji sun cika kufan, har wani bincike na 2015 ya samu kyarketai sun ninka na sauran gandayen yankin sau 7. Wato ga wasu dabbobin, zama da tururin nukiliya ya fi zama da mu sauƙi. Ba gaskiya ba ne kuma a ce duk ɗan asalin wuri waliyyin muhalli ne. Mutanen farko da suka isa New Zealand wajen shekara ta 1300 sun ƙarar da manyan tsuntsayen moa cikin ƙasa da shekara 200, ba bindiga ba kasuwar duniya.

Duk da haka, idan aka duba da kyau, wanda ya ƙarar da ɓaunar Amurka ba mazaunin daji ba ne. Masu harbi don fata ne, da jirgin ƙasa a bayansu da masana'antar jima a gabansu. Haka hauren giwa, haka katako, haka zinariya. Mafi yawan lokuta ɓarnar daga kasuwa mai nisa take zuwa, hukuncin kuma ya faɗa kan na kusa, saboda shi ne ake iya kamawa.

Akwai kuma waɗanda aka ɗora wa aikin kamun. Mai gadin daji a mafi yawan ƙasashe ɗan ƙauyen da ke bakin gandun ne, wanda ya kama da tarko yau watakila ɗan ƙanin mahaifinsa ne, gobe kuma a kasuwa ɗaya za su haɗu. Gaba kura baya sayaki: idan ya kau da kai ya rasa aiki, idan ya tsananta ya rasa dangi. A gandun Virunga na gabashin Kwango, wanda aka kafa a 1925, gandun ƙasa mafi daɗewa a Afirka, an kashe masu gadi sama da 200, galibi a hannun 'yan tawaye da masu fataucin gawayi. A hari ɗaya na watan Afrilun 2020 an kashe 12. Ana tunawa da irinsu duk ranar 31 ga Yuli, amma a ƙasashe da yawa mai gadi kan shiga sintiri na kwanaki ba inshora, ba takalmin kirki, ba tabbacin ruwan sha. A ɗaya hannun kuma an sha samun rahotannin masu gadi da suka doki mazauna ko suka harbe su. Duka biyun gaskiya ne, kuma daga tushe ɗaya suke: an ba talaka bindiga an ce ya tsare daji daga talaka.

A tsaunin Everest abin ya ɗauki wata siffa. Duniya ta san cewa Edmund Hillary da Tenzing Norgay ne suka fara taka ƙololuwarsa ranar 29 ga Mayun 1953. Ba kowa ya san cewa mutanen farko da aka rubuta mutuwarsu a zaftarewar ƙanƙara a kansa 'yan dako 7 ne, a 1922. Baƙon da ya biya dubun-dubatar daloli ya je ya gwada ƙarfinsa da tsauni, a kan igiyar da wani ya riga ya ɗaura yake tafiya, a kan tsanin da wani ya shimfiɗa bisa ramin ƙanƙara yake ƙetarawa, tantinsa da tukunyar iskarsa a bayan wani suka hau. Wuri mafi haɗari a hanyar kudu shi ne gangaren ƙanƙara na Khumbu, inda ƙanƙara mai girman bene ke motsi tana karyewa ba sanarwa. Baƙo kan ratsa shi sau kaɗan a kaka guda, ɗan ƙabilar Sherpa mai dako kuwa sau 20 ko fiye. Ranar 18 ga Afrilun 2014 ƙanƙara ta rufta a nan ta kashe ma'aikata 16 'yan Nepal. Tayin farko da gwamnati ta yi wa kowane iyali rupi 40,000 ne, kimanin dala 400, abin da ya sa ma'aikatan suka ajiye aiki a kakar. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Amma kada a yi saurin tausaya musu daga nesa: aikin ya gina makarantu da gidaje a yankin, kuma mutum irin Kami Rita Sherpa, wanda ya hau ƙololuwar sama da sau 30, gwani ne a sana'arsa, ba abin tausayi ba. Abin da suka nema a 2014 inshora ce mai kyau da murya a cikin harkar, ba a rufe tsaunin ba.

Ko sunan tsaunin ma shaida ne. Mutanen Tibet na kiransa Chomolungma, amma a 1865 aka laƙaba masa sunan George Everest, tsohon shugaban ma'aikatar safiyo ta Indiya. Faɗuwar ruwan da mazauna gaɓar Zambezi ke kira Mosi-oa-Tunya, hayaƙi mai tsawa, David Livingstone ya gan ta a 1855 ya ba ta sunan sarauniyar Ingila, Victoria. Tsauni mafi tsawo a Amurka ta Arewa ya koma Denali, sunan da 'yan asali ke kiransa, a hukumance a 2015, a 2025 kuma aka mayar masa da McKinley, sunan wani tsohon shugaban Amurka. Wani zai ce suna linzami ne kawai, me ya dami dutse? Ai sunayen daji ma'ajiya ce. Sunan rafi kan gaya maka ko yana ƙafewa, sunan tudu kan gaya maka dabbar da ke kwana a can da. Idan taswira ta share su, an share rajistar da ba ta da kwafi.

Wannan ya kai mu ga amfanin tunanin tsofaffi, wanda ya wuce hira. A 1995 wani masanin kifi, Daniel Pauly, ya lura cewa kowane ƙarni na masana yana ɗaukar yawan kifin da ya tarar a ƙuruciyarsa a matsayin daidai, sai ya auna raguwa daga nan. Na bayansa ya zo ya fara awo daga ragowar. A haka teku ke ƙarewa ba wanda ya ji an yi babbar asara, tunda kowa kaɗan ya ga ta ragu. Daji ma haka ne. Yaron da ya tashi bai taɓa jin kukan kura da dare ba, ba ya kewar sa. Hotunan tauraron ɗan Adam na fararen hula masu nazarin doron ƙasa daga 1972 suka fara, ƙidayar dabbobi a yawancin gandaye ba ta kai shekara 100 ba. Abin da ya wuce nan, sai a bakin masunci da makiyayi da mai bin sawu. Ilimin nan kuma ba ya ajiyuwa a kan takarda yadda ake zato. Bambanta sawun jiya da na shekaranjiya, ko gane dabba mai ciki daga takunta, a ƙasa ake koyonsa, da yaro a bayan babba, shekara da shekaru. Ƙarni ɗaya aka hana shiga dajin, igiyar ta tsinke.

An gwada hanyoyin sulhu, wasu sun yi kyau. A 1985 Ostireliya ta mayar wa 'yan asalin wurin, mutanen Anangu, dutsen Uluru, su kuma suka ba hukumar gandaye hayarsa na shekara 99, sai dai an ɗauki ƙarin shekara 34 kafin a biya musu buƙatar hana hawa dutsen, a 2019. Makuleke sun karɓi ƙasarsu a 1998, kimanin hekta 24,000, bisa sharaɗin ba za su koma zama ko noma a ciki ba, suna cin kuɗin masaukin baƙi. A Birazil masu tatsar roba ƙarƙashin Chico Mendes sun nemi a kare kurmi tare da masu ci daga gare shi. An harbe shi a gidansa a Xapuri a Disambar 1988, a 1990 kuma aka fara kafa irin gandayen da ya nema. Namibiya ta ba ƙauyuka iko kan namun dajinsu a 1996, Indiya ta yi dokar haƙƙin mazauna daji a 2006. Ba ɗaya daga ciki da ya zama waraka gaba ɗaya. Inda farashin roba ya faɗi, wasu jikokin masu tatsa sun koma kiwon shanu suna sare kurmin. Inda kuɗin ya dogara ga masu yawon buɗe ido, annobar 2020 ta nuna yadda yake yankewa dare ɗaya. Kuma mallakar ƙasar da ba ka da izinin kwana a cikinta, mallaka ce mai gishiri kaɗan. A ganina dai, ko da wannan tawaya, tsarin da ya bar mai ɗaki a kusa da ɗakinsa ya fi wanda ya kore shi sannan ya ɗauko baƙo neman inda ke yoyo.

Maganar ba ta tarihi kaɗai ba ce. A Disambar 2022, a birnin Montreal, ƙasashe kusan 200 suka amince a kare kashi 30 cikin 100 na doron ƙasa da na teku kafin 2030. Rahoton 2024 ya nuna abin da aka kare a tudu bai kai kashi 18 ba. Cike giɓin na nufin ƙarin fili da ya kusa girman ƙasar Rasha. Wani bincike na 2018 kuma ya ƙiyasta cewa sama da rubu'in ƙasar duniya na hannun 'yan asalin wurare, ko dai da mallaka ko da kulawa, kuma a nan ne babban kaso na dajin da bai lalace ba ya rage. Yarjejeniyar ta ambaci mutunta haƙƙinsu a rubuce, kamar yadda takardar 1958 ta ambaci haƙƙin Masai a Ngorongoro. Taswirar inda za a samo filin kuwa, kowace gwamnati ce za ta zana tata.